Yadda Injiniya Ya Soya Bustar Ɓoɗejo

Babu mai cika baki a gidanmu yanzu. Tun da aka kai Malam makwancinsa, zauren nan na Angwan Iya ya yi tsit. Babu warin dalma, babu rediyo mai tari, babu maƙwabcin da zai yi sallama cikin fushi yana tambayar inda aka kai masa bayan agogonsa. Ni Zubaidatu karatuna bai wuce firamare ba, amma na ji labarin nan daga bakin mijina, na kuma ji shi daga bakin waɗanda suka tsaya a wurin. Nasa ya fi daɗin ji, amma nasu zan ba ku.

Gari ya san shi da Mijinyawa. Injiniya kuwa shi ya raɗa wa kansa, ko zakara ba a yanka ba. Ya taɓa yin 'yan watanni a Kaduna yana riƙe wa wani mai gyaran rediyo tocila, ya dawo Keffi da sukurdireba guda da tabarau, ya buɗe aiki a zauren mahaifina. Zauren nan ya tsaya masa a rai. Baba ya gaji da shaƙar hayaƙi, kuma ba ya ɓoye gajiyarsa, musamman in da baƙi.

Zamanin kuɗin Udoji ne, da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi abin da ke magana. Direbobin tasha suka sa kaset a motocinsu, masu hali suka ƙara da busta, wata 'yar akwatin ƙarfe da ake ɗaurawa ƙarƙashin kujera don ta ƙara wa sauti ƙarfi. Fasinjan Akwanga da Jos ya fi son motar da kiɗa ke tashi. A bakin tashar kuwa akwai wata rumfa ta zana da ciyawa, wadda wani mai faci ya bari ya koma garinsu. Duk mai gyaran da ya zauna a nan, direbobi ta gabansa za su bi. Malam yakan bar hanyar gida ya zaga ta wajen rumfar don kawai ya dube ta, har ya riga ya zaɓi inda zai rataye allon sunansa.

Ana nan sai bustar Ɓoɗejo ta mutu. Ɓoɗejo Bafulatani ne matashi wanda ya sayar da rabonsa na shanu ya sayi mota Fijo, uwarsa Inna Hapsatu mai kawo mana nono da man shanu tana kuka. Ran nan yana tsaye riƙe da akwatin kamar ɗan maraƙin da ya ƙi shan nono, direbobi sun kewaye shi, sai ga Malam.

"Wannan ai ba gyara ba ne, wasa ne," in ji shi, tun bai taɓa ba.

Sale, ciyaman ɗin direbobi, ya dube shi daga hula har takalmi. "Haka ka ce ranar agogon ofishinmu. Har yau da baya yake tafiya."

"Amma yana tafiya ko? Da aka kawo mini shi a tsaye yake."

Aka yi dariya. Malam ya ɗauka yabo ne, ya gyara tabarau, ya kawo maganar rumfa.

"To, shi ke nan," in ji Sale. "Ran kasuwa mai zuwa, in bustar nan ta yi magana a gaban jama'a, rumfa taka ce. In ba ta yi ba, Malachi mai gyaran rediyo na Sabon Gari ya daɗe yana zarya a kaina."

"Magana? Ciyaman, in na gama da ita, matan ƙauyen Jigwada da kiɗanta za su yi daka daga cikin gidajensu."

Ɓoɗejo bai saki akwatin da sauri ba. "Injiniya, ka san fa shanuna ne suka zama motar nan."

"Ka kwantar da hankalinka. A Kaduna na gyara wadda ta ninka wannan, ta wani Bature. Da ya ji sautin sai da ya cire hula."

A gida ya kwance ta a kan tabarma. Bai sha wahalar gano ciwon ba, don ciwon ya nuna kansa: tiransistoci biyu, waɗanda ke tura sauti zuwa lasifika, sun ƙone baƙi ƙirin. 'Yan ƙanana ne masu ƙafa uku-uku, an ɗaure su jikin wani ƙarfe mai haƙarƙari da ke shanye musu zafi. Ya cire su ya ɗora a tafin hannu, ya kira ni in zo in ga rowa.

"Dubi abin da suka sa, Zubaidatu. Kamar kaska. Ta yaya kaska za ta ɗauki ganga?"

Ƙarƙashin kowanne akwai wani ɗan faifai siriri mai sheƙi kamar ɓawon albasa. Ya ce ragowar takardar naɗi ce ma'aikata suka yi ƙyuyar cirewa, ya hure su tsakar gida, kaji suka bi. Akwai kuma wani farin abu mai danƙo. Ya ce datti ne, ya goge da gefen zanena da ke kan igiya. Sannan ya ɗauki wuƙa ya kankare baƙin da ke jikin tiransistocin don su yi kyan gani, ya kankare har da lambar da aka rubuta musu.

"Malam, ba rubutu ne ka share ba?"

"Rubutun na masu koyo ne."

Abin haushin, duk Keffi babu mai sayar da kayan rediyo sai Malachi, wanda suke neman rumfa ɗaya. Haka Malam ya sa babbar riga ya tafi Sabon Gari, ya shiga shagon yana kallon silin kamar mai neman hayar wurin.

"Oga Injiniya, sannu da zuwa," in ji Malachi. "Wa ya mutu yau?"

Malam ya zube gawarwakin a kan kanta. Malachi ya juya su, ya kai su bakin ƙofa wajen haske.

"Ina lambar?"

"Ta tafi."

"Ta tafi ina? Da lamba ake zaɓen waɗannan, Oga. To, Allah ya taimake ka na san bustar Ɓoɗejo." Ya jawo aljihun tebur ya fito da wasu 'yan ƙanana biyu. "Ga su. Ka gan su kamar tagwaye, amma ba jinsi ɗaya ba ne. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja, kamar mata biyu a turmi guda, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi. Kada ka musanya musu wuri. Ga faifan da ake sa musu a ƙasa don kada bayansu ya taɓa ƙarfe. Ga farin man da ke fitar da zafi."

Malam ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo. A ransa ya ce, mutumin da ke son rumfata shi zai ba ni shawarar kirki?

"Malachi, irin waɗanda suka mutu za ka sake ba ni?"

"Su ne nata."

"Da suna da ƙarfi, da sun mutu?"

"Ba rashin ƙarfi ya kashe su ba. Ɓoɗejo ya wanke mota ruwa ya..."

Malam bai saurara ba, don idonsa ya riga ya sauka kan wata matacciyar talabijin da aka farke a lungu. A cikinta ga wani tiransista ƙato mai hular ƙarfe, yana ƙyalli kamar murfin tukunya. Ga ɗan'uwansa a cikin kwali kusa da ita.

"Waɗancan nake so."

"Na talabijin ne, Oga. Wutar da aka yi su dominta daban, ba ta batirin mota ba ce. Kuma duka biyun masu turawa ne. Wa zai ja?"

"Su biyu suna turawa, ina ruwanmu da mai ja? Abin da ya ɗauki hoton mutum da muryarsa gaba ɗaya, murya kaɗai ce za ta gagare shi?"

Malachi ya leƙa waje ya kira mai gasa masara da ke ƙofar shagon. "Mama, zo ki zama shaida. Na hana mutumin nan, ya ƙi."

"Shaida ki kuma yi cewa ya so ya ɓoye mini masu kyau," in ji Malam.

"Ko faifan da man ka ɗauka, kyauta."

"Ka riƙe kyautarka. Ka shafa a rumfar da ba za ka samu ba."

Da ya dawo da su gida, manyan tiransistocin suka ƙi shiga inda ƙananan suka fito. Malam ya huda ƙarfen da ƙusa da guduma har Baba ya aiko daga ciki a tambaya ko rushe zauren ake yi. Ƙafafunsu ba su kai inda ya kamata ba, ya ƙara musu da waya, ya ɗora ƙarfen dalma a gawayi ya liƙe. Murfin akwatin ya ƙi rufuwa. Ya ce dama iska suke so.

Ya aro batir wurin wani mai babbar mota, ya haɗa. Tartsatsi ya tashi, fis, 'yar wayar nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ya ce tas.

"Matsoracin fis," in ji Malam. Ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba. Ita ma ta ce fuu, ta bar masa tabo a yatsa.

Nan ya zauna yana tsotsar yatsa, har ya lura duk sanda bayan tiransistan ya taɓa ƙarfe ne wuta ke tashi. Ni da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa na ce, "Ko faifan nan ne da kaji suka..."

"Na riga ki tunawa."

Ya yanko ledar burodi ya shimfiɗa musu a ƙasa. A gurbin fis kuwa ya sa ƙusa, irin ta rufin kwano, ya ce yanzu a ga wanda zai sake tsinkewa. Ya haɗa da rediyon kaset ɗinmu da wata tsohuwar lasifika, ya murɗa kaɗan. Ikon Allah, sai ga murya. Mawaƙin dai kamar an shaƙe shi an tura cikin randa, amma murya ce.

"Malam, ai kamar kwaɗo."

"Shi ake kira bes. A Kaduna sai manyan mutane."

Ya kai hannu ya shafa hular tiransistan don ya yaba mata, ya janye da salati. Ta yi zafi kamar kaskon tuya. A lokacin ya tuna da farin man Malachi, amma ko za a yanka shi ba zai koma Sabon Gari ba. Yana cikin wannan sai ga Inna Hapsatu ta yi sallama, ta sauke ƙwarya, ta miƙo mini curin man shanun da na ce ta kawo don miyar kuka. Malam ya bi curin da kallo.

"Inna, in rana ta doki kan mutum a daji, me kuke shafa masa?"

"Man shanu mana."

"Yana sanyaya kai?"

"Sosai."

"Kin ji ko, Zubaidatu? Mai ai mai ne. Nasu na Turawa ma wa ya san ko daga nan suke saye su sa a kwalba."

Ya yanki rabin curin ya cusa ƙarƙashin tiransistocin da samansu, har da gefe. Inna Hapsatu ta tsaya tana kallo, ta tambayi akwatin wane ne. Da aka gaya mata na ɗanta ne, sai ta ɗauki ƙwaryarta. "Da shanun suna ba mu mai. Yanzu mu ke kai wa mota. Allah ya shirye ka, Ɓoɗejo."

Ran kasuwa da hantsi tasha ta cika. Malam ya isa da babbar rigar sallah. Ɓoɗejo ya buɗe ƙofar mota don a mayar da busta ƙarƙashin kujera, Malam ya ce a'a, aikin hannu irin wannan ba a ɓoye shi a ƙarƙashin mazaunin mutane. Ya sa aka matso da Fijo gefen rumfa, ya ɗora bustar a kan benci a ciki, ya jawo doguwar waya daga batirin motar ya sarƙafa ta cikin ciyawar rufin don kada jama'a su taka. Ya kuma aro ƙatuwar lasifikar wani mai tallar maganin basir ya ɗaura a kan rumfar, bakinta na kallon Jigwada.

Malachi ya zo shi ma, ya tsaya can nesa. Sale ya ce ya matso.

"Nan ma ina ji, Ciyaman. Ina da yara ƙanana."

Malam ya yi jawabi. Ya yi maganar Kaduna, ya yi maganar Baturen da ya cire hula, ya ce daga yau Keffi ta daina kai gyara Jos. Ya nuna wa jama'a manyan tiransistocin, ya fito da ƙananan da suka mutu ya ɗaga su sama don a gwada. Wasu suka gyaɗa kai, don gaskiya a ido manyan sun fi cika fuska.

"Ɓoɗejo, saka kaset!"

Kalangu ya tashi. Ya tashi da ƙarfi kuwa, wannan ba zan hana shi ba. Sai dai mawaƙin kamar yana waƙa da bakinsa cike da tuwo, makaɗin kuma kamar garwa yake duka. Wata akuya da aka ɗaure a kan wata mota ta amsa.

"Injiniya, wane yare yake yi?" wani direba ya tambaya.

"Bai ɗumama ba tukuna!" Malam ya murɗe sautin har ƙarshe.

Ya ɗumama. Wani ƙamshi ya fara zagaya tashar. Fasinjoji suka shiga ɗaga hanci suna waige. Wata tsohuwa mai zuwa Akwanga ta ce a sayo mata ko na sisi ne, duk abin da ake soyawa. Daga kan benci kuma sai ga ƙara, cuuu, mai yana tafasa yana gangarowa ta haƙarƙarin ƙarfen yana ɗiga ƙasa.

Sale ya sunkuya ya shinshina. "Injiniya, kiɗa muka zo ji ko karin kumallo?"

"Zafin ne yake fita, Ciyaman. Aikin man ke nan."

"In kawo ƙwai?" in ji wani kwandasta.

"Oga, kashe!" Malachi ya yi ihu daga nesa. "Ledar za ta narke!"

"Kun ji hassada ko? Kun ji ta da kunnenku?"

Ledar ta narke. Mawaƙin ya yi wani gurnani ya yi shiru. A nan ne fis ya kamata ya tsinke ya ceci kowa, amma ƙusar rufin kwano ba matsoraciya ba ce, ta tsaya daram. Wayar ta yi ja tun daga batir har cikin ciyawa, robarta na zuba. Rufin ya fara hayaƙi, sannan ya kama.

"Shanuna!" in ji Ɓoɗejo. Ya fizge wayar daga batir da hularsa, ya faɗa mota, direbobi suka tura ta baya da gudu har ta kusa shiga teburin mai shayi. Mai maganin basir ya haye rumfar zai ceto lasifikarsa, ya sauko da ita tare da rabin rufin. Masu ruwa suka watsa ruwa, mai kunu ta watsa kunu. Inna Hapsatu, da ta zo tallar nono ta tsaya ganin abin da zai sami ɗanta, ba ta ankara ba wani ya sure ƙwaryarta ya juye a kan wutar. Abin da ya rage ta kwashe da ludayi ta watsa wa Malam a ƙirji.

"Ga nonon ma, haɗa da shi!"

Shi kuwa yana tsaye a tsakiya, bakin babbar riga na hayaƙi, yana ta cewa a bi a hankali kada a jiƙa masa tiransistoci.

Da wuta ta mutu, ba abin da ya saura na rumfa sai sanduna baƙaƙe. Bustar ta koma kamar ƙanzon tukunya. Manyan tiransistocin nan biyu kuwa suna zaune a kai suna ƙyalli. Malam ya ɗauko su da gefen riga ya ɗaga.

"Jama'a, ku duba! Ko ƙwarzane ba su yi ba. Na ce muku masu ƙarfi ne. Bustar ce ba ta kai matsayinsu ba."

"An ji a Jigwada?" in ji kwandastan nan.

"Ji ban sani ba," in ji Sale, "amma hayaƙin sun gani." Ya juya ga Malam. "Na ce in ta yi magana rumfa taka ce. Ta yi magana, duk da ba mu san abin da ta ce ba. To ga rumfarka nan, ka tayar da ita yadda ka same ta. In ka gama, ka kira Malachi ya shigo da kayansa."

Haka aka yi. Malam ya sari itace a daji, ya yanko ciyawa, ya saƙa zana da hannunsa, ya tayar da rumfa yana yi yana gaya wa masu wucewa cewa tsohuwar dama ba a gina ta bisa ƙa'ida ba. Malachi ya shiga. Ɓoɗejo ya daɗe yana tuƙi babu kiɗa, in fasinja suka yi ƙorafi sai ya yi musu irin kiran da yake wa shanu, su roƙe shi ya bari. Malam ya dawo zauren Baba. Amma kusan kullum da la'asar sai ya je ya zauna a bencin rumfar, duk wanda ya kawo gyara ya ce masa, "Ba shi, yarona ne, ina duba aikin." Malachi bai taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba. Sukurdireba ce kawai ba ya bari kusa da shi.

Da Malam ya rasu, Malachi ya zo ta'aziyya, ya tsufa shi ma. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Mama, rumfar nan da Oga ya ɗaura, damina nawa ta wuce a kanta, ciyawa kawai nake ƙarawa. Ko sau ɗaya ba ta yi mini yoyo ba."

Ya yi wa wani inuwa, shi bai samu ba. Don haka ku taya ni roƙo. Allah ya gafarta wa Malam, ya yafe masa rediyoyin bayin Allah da suka shiga hannunsa ba su fito ba. Allah ya ba shi inuwa tasa ta kansa a ranar da babu inuwa sai wadda Ya bayar, ya kuma sa a inda ya sauka babu abin da ya lalace, balle ya ce zai gyara. Ku ce amin.